Ranar da shafin da na gina ya ƙi buɗewa a wayar Kawuna

Yau ba wani sabon siddabarun waya na zo muku da shi ba. Labarin kunyar da na sha ne a garinmu Kurya Madaro, da abin da na koya daga ita game da gina shafin intanet. In kana koyon HTML da CSS a wayarka, ko kana shirin biyan wani ya gina wa kasuwancinka shafi, ka daure ka karanta har ƙarshe, don wataƙila ya hana ka asarar kuɗi.

A farkon shekarar 2021 ina zaune a Kano wajen wani abokina, ina koyon haɗa shafuka. Da Acode na fara a waya, daga baya na samu aron kwamfuta. Ka san yadda sabon koyo yake, duk abin da ka gani a YouTube sai ka ji kai ma sai ka saka shi. Ana cikin haka Kawuna ya kira ni. Yana da shagon kayan noma a Kaura Namoda, yana sayar da taki da iri da maganin feshi, kuma masu sayayyarsa suna zuwa daga ƙauyukan Kaura da Zurmi har Shinkafi. Matsalarsa ɗaya ce: da damina ta kusanto wayarsa ba ta hutawa, kowa tambayar farashi yake yi. Ya ce ya ji an ce ina karatun kwamfuta, ko akwai yadda za a yi mutane su riƙa ganin farashi da kansu? Na ce Kawu ai wannan ƙaramin aiki ne. Ya turo mini kuɗin data da na sayen sunan shafi, tun kafin ya ga komai.

Sati uku na yi ina aiki. Na saka manyan hotuna guda biyar masu zamewa da kansu a saman shafi. Na saka bidiyon gona yana motsi a bayan rubutu. Na ɗauko salon rubutu kala uku daga Google Fonts. Na jibga Bootstrap da jQuery da wasu tarkacen da ko rabinsu ban yi amfani da shi ba. A kwamfuta, da intanet ɗin Kano, wallahi abin gwanin sha'awa. Abokina ya duba ya ce kamar shafin banki.

Na dawo gida da murna. Bayan sallar la'asar muna zaune a ƙofar gida, Kawu da abokansa biyu, na karɓi wayarsa ƙirar itel na rubuta adireshin, na miƙa masa ina jiran yabo. Alamar netwok a saman wayar tana nuna harafin E. Muka jira. Allo fari fat. Aka yi minti ɗaya, aka yi biyu. Kawu ya juya wayar, ya ɗaga ta sama, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanga abu naka barci shikai? Ni ban ga komi ba sai hwarin allo." Abokansa suka yi dariya. Can da kyar rubutu ya fara fitowa, ya kai yatsa zai taɓa, sai wani hoto ya faɗo daga sama ya ture rubutun ƙasa, ya danna wani wuri daban. Kafin a je ga farashin taki, saƙo ya shigo cewa datarsa ta ƙare. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Bari dai su ci gaba da kirana, ya hi sauƙi."

Ɗan uwa, daren nan ban yi barcin kirki ba. Ba dariyar ce ta dame ni ba, kuɗin dattijon da na karɓa ne, ga shi damina ta kusa.

Da na koma kan kwamfuta na auna nauyin shafin, sai na ga ya kusa megabait 8. Bari mu yi lissafi tare. A ce netwok yana jawo kilobait 15 a daƙiƙa ɗaya, wanda ba abin mamaki ba ne in waya tana kan E. Megabait 8 kusan kilobait 8,000 ke nan. Raba da 15, za ka samu daƙiƙa 533, kusan minti tara. Wane manomi ne zai tsaya minti tara yana kallon farin allo don ya san kuɗin buhun taki? Kuma duk wanda ya buɗe, daga aljihunsa datar take fita, ba daga nawa ba. Yanzu ma abin ya fi ciwo, tunda a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari.

Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne, da na shiga bincike sai na tarar masana sun daɗe da wuce wurin nan. Tun a watan Mayun 2010 wani Ba'amurke mai suna Ethan Marcotte ya yi rubutu a mujallar A List Apart kan yadda shafi ɗaya zai riƙa daidaita kansa da girman kowane allo, ƙarami ko babba. A 2011 Luke Wroblewski ya fitar da littafi mai suna Mobile First, wato ka fara tsara shafi don waya, daga baya ka faɗaɗa shi don kwamfuta. Kamfanin Facebook ya fito da Facebook Lite a 2015 saboda masu ƙananan wayoyi da raunin netwok irinmu, kuma a shekarar ne ya ɓullo da wani tsari inda ma'aikatansa ke rage gudun intanet ɗinsu zuwa na 2G ranar Talata, don su ɗanɗana abin da mu muke sha kullum. Shi kuwa Google, yanzu yadda shafinka yake a waya yake dubawa wajen jera shi a sakamakon bincike. Ka ga ke nan ni da nake ganin na yi aikin zamani, a baya nake da shekara goma.

Na goge komai na fara daga farko. Ga abubuwan da na gyara, kuma su nake so ka riƙe.

Na farko, ka tambayi kanka me mutum ya zo nema. Manomin da ke wani ƙauye a Zurmi abu uku yake so ya sani kafin ya biya kuɗin mota zuwa Kaura: akwai kayan, nawa ne, kuma wa zai kira. Shi ke nan. Ba ya buƙatar tarihin shago, ba ya buƙatar "barka da zuwa shafinmu mai albarka" da manyan haruffa. A sabon shafin, abin da ido zai fara gani shi ne jerin kaya da farashi, da ranar da aka sabunta shi. Ranar nan tana da muhimmanci ƙwarai, don farashin da ba a san na yaushe ba ne rigima yake jawowa a bakin shago. A ƙasan jerin na saka maɓalli biyu. Ɗaya an haɗa shi da tel: da lambar waya, da an taɓa sai kira ya tafi. Ɗayan an haɗa shi da wa.me, da an taɓa sai WhatsApp ya buɗe. Ban saka fom na cikewa ba, don babu wanda zai zauna yana rubuta imel a kan maganin feshi.

Na biyu, hotuna. A yawancin shafukan 'yan koyo su ne suka fi komai nauyi. Hoton da ka ɗauka da kyamarar waya yana iya kai megabait 3 ko fiye, faɗinsa ya kai digo 4,000, alhali allon wayar da za a kalle shi bai buƙatar ko kashi ɗaya cikin huɗu na haka. Ka buɗe Squoosh a burauzar wayarka, kyauta ne, Google ne suka yi shi. Ka ɗora hoton, ka rage faɗinsa zuwa 800, ka zaɓi WebP, ka sauke. Hotunan buhunan Kawu daga megabait suka dawo 'yan kilobait 40 zuwa 60, kuma ido bai ga bambanci ba. Sannan a kan kowane hoton da ke can ƙasan shafi ka rubuta loading="lazy", don kada waya ta jawo shi sai mai karatu ya gangaro kusa da shi. Kada ka manta ka rubuta width da height na kowane hoto. Wannan shi ke sa burauza ta keɓe masa wurinsa tun kafin ya iso, kuma shi ne maganin tsallen da ya sa Kawu ya danna wurin da bai yi niyya ba. Bidiyon gona kuwa, cire shi na yi gaba ɗaya, har yau babu wanda ya tambaye ni ina yake.

Na uku, haruffanmu. Wannan ita ce matsalar da malaman YouTube na Indiya da Amurka ba za su taɓa gaya maka ba, don ba tasu ba ce. Hausa tana da ƙ da ɗ da ɓ, kuma ba kowane salon rubutu ne yake ɗauke da su ba. Ɗaya daga cikin salon da na zaɓa don kyau babu su a ciki, sai burauza ta riƙa aro su daga wani salon, kalma ta fito rabi siririya rabi mai kauri. A wata tsohuwar waya ma akwatuna ne suka fito a madadinsu. Wasu in suka ga haka sai su cire lanƙwasar su huta, su rubuta k a wurin ƙ. Amma ka san kafa daban ƙafa daban, bari daban ɓari daban. Gyaran ba wuya. A saman shafinka ka tabbatar akwai charset="utf-8", kuma ka rubuta lang="ha" don burauza ta san Hausa ce. In ba dole ba, kada ka ɗauko salon rubutu daga waje, ka rubuta system-ui a CSS, waya ta yi amfani da nata, ka tsira da nauyi. In kuwa sai ka ɗauko, to ka gwada shi da kalmomi irin su ƙwarya, ɗanɗano, ɓawo kafin ka amince. Noto Sans yana da su, haka ma Andika.

Na huɗu, ka tuna a ina za a karanta. Kai a ɗaki kake aiki, a inuwa. Mai karatunka yana tsakiyar kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, rana tsaka, gilashin wayarsa ya tsage, ya rage hasken allo don cajin ya kai shi dare. Rubutu mai ruwan toka a kan fari, irin wanda ake yayi, ba zai gan shi ba sam. Ƙa'idar WCAG, wadda aka yi don sauƙaƙa wa masu raunin gani da sauran masu lalura, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 zuwa 1. In lissafin ya yi maka nisa, ka saka baƙi a kan fari ka huta. Girman rubutu kada ya gaza 16px. Maɓalli kuma ya yi girman da babban yatsan manomi zai taɓa shi ba tare da ya haɗa da na kusa ba, Google suna ba da shawarar 48 a tsaye 48 a kwance. Kuma da yake ba duk masu sayayyar Kawu ne ke karanta boko sosai ba, kowane kaya na saka ƙaramin hoton buhunsa ko kwalbarsa a gefen farashi. Mutum ko bai karanta sunan ba ya san kalar buhun da yake saye, ya kuma san lamba.

Na biyar, JavaScript. A nan sai ka yi haƙuri da ni, don na san da yawa daga cikinku React kuke koyo, wasu Vue, wasu Next.js. Ku ci gaba, ana samun aiki da su, ni ma ina amfani da su inda ya dace. Amma ka gane wani abu: hoto in ya sauka nuna shi kawai waya za ta yi, shi kuwa JavaScript bayan ya sauka sai waya ta karanta shi ta aiwatar, kuma wayar da ke da ƙwaƙwalwar gigabait 1 ko 2 tana shan wahala a nan. Shafin da sai JavaScript ya gama aiki sannan rubutu zai fito, in netwok ya yanke a tsakiya, farin allo za a gani. Shafin da rubutunsa ke cikin HTML kuwa, ko rabi ya sauka za a karanta rabin. Jerin farashi ba ya buƙatar React. CSS na yanzu, da Flexbox da Grid, yana yin abin da a da sai an jawo Bootstrap. Haka kuma ka yi hattara da shafukan da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke haɗa maka cikin minti biyu. Suna da kyau a ido, amma sau da yawa suna zuwa da kaya niƙi-niƙi. Ka auna kafin ka miƙa wa mai shi.

Da na gama, sabon shafin bai kai kilobait 300 ba. Da lissafinmu na ɗazu, daƙiƙa 20 ke nan ya gama sauka duka, rubutun farashi kuwa tun a daƙiƙun farko yake bayyana. Wannan karon ban tara jama'a ba. Na sami Kawu shi kaɗai bayan sallar asuba, na miƙa masa. Ya duba, ya gangara ƙasa, ya taɓa maɓallin kira, ɗaya wayar tasa da ke aljihu ta yi ƙara. Ya yi murmushi ya ce, "To, yanzu ka yi aiki." Sai ya nuna mini farashin wani iri da na rubuta ba daidai ba.

Akwai darasi na ƙarshe da ba ni na nemo shi ba, shi ya same mu. A farkon watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Da farko sati biyu aka ce, amma a yankunanmu abin ya ɗauki tsawon lokaci fiye da haka. An rufe kasuwannin mako-mako ma a lokacin. Duk wanda yake nan ya san yadda aka ji, mutum sai ya yi tafiya zuwa wata jiha kafin ya kira ɗan uwansa. Ba zan ce maka akwai dabarar gina shafi da ke maganin wannan ba, babu. Amma lokacin ne na lura da manhajojin da ke wayata sun kasu biyu: waɗanda ke buɗewa su nuna abin da suka adana, da waɗanda suka zama gawa. Shafin intanet ma yana iya shiga sahun farko. Akwai wani ɗan fayil da ake kira service worker, wanda ke adana kwafin shafi a cikin waya bayan an buɗe shi sau ɗaya, ta yadda ko babu netwok zai fito. Da layi ya dawo na saka shi a shafin Kawu. Yanzu wanda ya buɗe shi a Kaura inda sabis ke da ƙarfi, in ya koma ƙauye zai iya nuna wa maƙwabcinsa, ga kuma ranar farashin a rubuce a sama don kada a ruɗe. Sharaɗinsa shi ne shafin ya kasance a kan https, kuma GitHub Pages da Netlify duk suna ba da wannan kyauta.

To yaya za ka gwada naka, ko wanda aka gina maka? Ba sai kana da kwamfuta ba.

Ka buɗe PageSpeed Insights a burauzarka, ka liƙa adireshin shafin, ka duba sakamakon ɓangaren waya. Google suna da ma'aunai uku da suka fito da su a 2020 suka kira Core Web Vitals. Babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Tsallen shafi kada ya wuce 0.1. Na ukun, wanda suka sauya a watan Maris na 2024, yana auna saurin amsawar shafi in an taɓa shi, ana so kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. In ka ga ja ya yi yawa, akwai gyara.

Bayan nan ka shiga saitin wayarka, wajen zaɓen nau'in netwok, ka mayar da ita 3G ko 2G, ka sake buɗe shafin. Ka gwada shi a Opera Mini ma, don har yanzu mutanenmu da yawa da ita suke shiga intanet saboda tana rage cin data, kuma ba kowane kwalliya take nunawa ba.

Gwajin da ya fi duka kuwa shi ne wanda na tsallake a karon farko. Ka nemi waya mafi rauni a gidanku, ka miƙa wa dattijo ko wata innarka, ka ce su nemo maka farashin abu kaza. Kada ka nuna musu wurin taɓawa, kada ka ce komai, ka zuba ido kawai. Duk inda suka tsaya suna dube-dube, ka rubuta, nan ne aikinka na gobe. Kuma in kai ne mai biyan kuɗin, kada ka yarda a nuna maka shafi a kwamfutar wanda ya gina shi. Ka ce a buɗe a wayarka, da datarka, a bakin shagonka, sannan ka cika kuɗi.

Har yanzu ana kiran Kawu a waya, ba a daina ba, don mutanenmu suna son jin murya kafin su saki kuɗi. Bambancin shi ne yanzu mai kiran ya riga ya san farashi, tambayarsa ita ce a ajiye masa buhu nawa. Ni kuma duk ranar Juma'a da dare sai ya kira ni ya karanto mini sabon farashi in sauya, in na makara kuwa in sha faɗa.

Wanda yake da shafin da yake so mu duba nauyinsa tare, ya ajiye adireshin a ƙasa, in sha Allahu zan duba gwargwadon iko. A darasi na gaba zan nuna muku yadda ake rage hoto da Squoosh mataki-mataki, da hotunan allo. Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya sa albarka a abin da muke koyo.